Ranar da Na Sauya wa Yaya Tsarin Kwamfuta

Ni mai gyaran kwamfuta ne, kuma ba a raba ni da surutu. Duk wanda ya shigo shagona ya tambaye ni ko ya kamata ya sauya wa kwamfutarsa tsari, wato babbar manhajar nan da ke riƙe da komai a cikinta, ba na ce masa e, ba na ce masa a'a. Kujera nake tura masa. In yana sauri ya kama gabansa, in yana da lokaci ya sha labarin yayata.

Mu bakwai ne a ɗakinmu, ita ce ta fari, ni ne na ƙarshe, kuma har yau da furfura a gemuna Auta take kirana ko a gaban wa. Ita ta goya ni, ita ta raka ni makaranta ranar farko, ita ce kuma mutum ta farko da ta fara murɗe mini kunne. A layin da take aiki ba wanda ya san ta da wani suna sai Mama Tafireta. Tun tana budurwa ta koyi keken rubutu, ta yi shekara ashirin da biyu a wani ofis tana buga takardun manya. Da aka rage ma'aikata ba ta zauna kuka ba, ta kama ɗan shago a bakin titi, daura da jerin ofisoshi, ta koma buga takardun ƙanana. Ta neman aiki, ta neman canjin wuri, ta ban haƙuri, ta ƙorafi a kan famfon unguwa da ya fashe wata uku ba a gyara ba.

Shagon nan in ka buɗe hannuwa za ka taɓa bango da bango. Benci ɗaya na masu jira, tebur, firinta, fanka mai gyaɗa kai kamar ƙadangare, sai tsohuwar tafiretarta a saman kabad an lulluɓe ta da ƙyalle. Bango ɗaya suke da mai ɗaukar hoton fasfo, wani dogon dattijo da kowa ke kira Mai Hoto, wanda in ya yi magana goma a wuni to ranar ya yi hira.

Ni na haɗa mata kwamfutar, shekara goma sha ɗaya kafin abin da zan ba ka labarinsa. Wata guda ta yi tana zaginta, daga nan ta mallake ta. Linzamin kwamfutar kuwa ba su taɓa shiri ba, tun satin farko ta naɗe wayarsa ta jefa shi a durowa. Ta ce ita ba za ta riƙa bin wata 'yar kibiya a kan allo ba alhali Allah ya ba ta yatsu goma. Komai da madannai take yi. In ka tsaya bayanta sai ka ji ƙarar kamar ruwan sama a kan kwano, kafin ka gyara tsayuwa takarda ta fito.

Kimanin shekara uku kafin abin ya faru ta kafa wata doka: ta daina karɓar rubutun hannu. Mutum zai zo da takardarsa ya sha wahalar rubutawa, ta ce, "Ninke ta ka sa a aljihu. Faɗa mini da bakinka, me kake so?" In ya fara kewaye-kewaye ta katse shi. "Wannan ado ne. Buƙatar nake tambaya." Haka za ta yi ta matsa shi har sai ya faɗi ainihin abin da ya kawo shi, sannan yatsunta su motsa. Na taɓa ganin wani ya zo rubuta takardar barin aiki, ya fita da takardar neman hutun sati biyu, yana godiya kamar zai durƙusa. Mutane suka yi ta yabon takardunta, suna cewa sun fi na da ratsa zuciya. Ni kuwa na ɗauka mulki ne kawai irin na babbar yaya da ya ƙaru da shekaru.

Damuwarta ɗaya a duniya ita ce babban ɗanta. Tun yana yaro muke ce masa Manaja saboda son ba da umarni, Allah kuma ya cika masa, ya zama manajan gaske a wani kamfanin sufuri. Yaro ne mai son uwarsa, ban hana shi wannan ba, amma ya sa ta a gaba: ta rufe shago, ta koma gidansa ta huta. Har ɗaki ya gyara mata, da labule da komai. Ita kuwa in ka raba ta da kujerar nan ka gama da ita. Ranar da ya matsa mata da yawa, a gabana ta ɗaga yatsa ta ce, "Ji nan. Ranar da na miƙa wa mutum takarda da kuskure a ciki, ranar zan ba ka makulli da hannuna. Kafin nan kada ka sake tayar mini da maganar." Ya yarda, don ya san uwarsa ba ta magana biyu. Tun daga ranar zamanta a shagon ya rataya a kan wannan alkawari.

To, ga inda na shigo da gwanintata. Tsarin da ke kan kwamfutarta ya tsufa, masu yin sa sun daina kula da shi, ba a toshe masa ɓaraka. Ofisoshin da ke gabanta kuma sun koma karɓar fom ta intanet, shafukan ba sa buɗuwa a wurinta. Sai ta buga wa mutum takarda, sannan ya ɗauka ya tafi wani sabon shago a ƙarshen layi a tura masa. Wasu daga sun je can ba sa dawowa. Abin yana ci mini rai. Shekara biyu ina bin ta da maganar.

"Yaya, ki bari in ɗora miki sabon tsari. Wuni ɗaya ne."

"Auta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Ai yoyon ya kai har waje, kowa na gani!"

"Ka taɓa mini kwamfuta, in taɓa maka kunne."

Na kawo hujja, na kawo misali, na yi fushi na daina zuwa sati guda, duk ta yi kunnen uwar shegu da ni. Abin da ya fi ba ni haushi, ba ta taɓa ba ni dalili ba. Ni kuma a sana'ata na saba da masu tsoron sabon abu, sai na jefa ta cikinsu na huta.

Ina da makulli na biyu na shagon, ita ta ba ni saboda ko ta kwana. Wata ranar hutu da hantsi na buɗe na shiga kamar ɓarawo. Wallahi da kyakkyawar niyya na shiga. Na kwashe fayilolinta kaf na adana, na ƙara wa kwamfutar ƙarfi, na ɗora sabon tsari, na mayar da komai. Na haɗa firinta na tura shafin gwaji, ashe babu takarda a ciki, ban kuwa san inda take ajiyewa ba. Na ce bari in duba daga baya, na manta. Na kulle shago ina murmushi, ina hango yadda za ta ce, "Kai, Auta, ashe ka yi gaskiya."

Washegari tun kafin ta iso ina bakin ƙofa. Ta tsallako titi a hankali da jakarta, ta gaisa da Mai Hoto, ta buɗe, ta zuba takardu a firinta, ta kunna kwamfuta. Da ta ji sautin tashinta sai ta karkata kai.

"Me ya sami muryarta?"

"Ɗan share ta na yi jiya," in ji ni. Ina so sai ta gani da idonta.

Ta yi tsaki, ta juya ga mai buƙatar da ya riga ya shigo. Wani malamin makaranta ne, siriri, da jakar littattafai. Mahaifiyarsa ce ba lafiya a wani gari, yana neman a mayar da shi kusa da ita. Yaya ta yi masa tambayoyinta, ya amsa, ta ce, "Yawwa, yanzu ka yi magana." Ta danna madanni ɗaya, ta sauka ƙasa sau huɗu, ta danna shiga, ta fara bugu.

Ina tsaye a bayanta. A kan allon babu takarda ko ɗaya a buɗe. Wani akwatin maraba ne na sabon tsarin ya tare gaba, ga hoton tsauni a bayansa. Yatsunta na gudu, ba harafi ɗaya da ke fitowa. Na buɗe baki zan yi dariya in ce mata ta rufe akwatin tukuna, sai na kalli fuskarta. Idonta na kan allon sosai. Tana gyaɗa kai, har tana komawa baya ta goge kalma ta sake bugawa, kamar mai ganin abin da take yi.

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

Kafin in dawo hayyacina firinta ta yi ƙara, ta turo shafin gwajin nan da na manta da shi. Yaya ta miƙa hannu ta zaro shi, ta karkaɗe, ta miƙa wa malamin. "Karanta ka ji, sai ka sa hannu a ƙasa."

Bawan Allah ya kalli takarda, ya kalle ni, ya sake kallon takarda. Layuka ne masu launi da lambobi. Cikin ladabi ya ce, "Mama, kamar dai ba tawa ba ce wannan."

Yaya ta karɓi takardar ta kai ta dab da hancinta, abin da ban taɓa ganin ta yi a gaban mutane ba. Ta ajiye. Ta ba malamin haƙuri, ta ce ya je shagon ƙarshen layi kada ya makara. Sannan ta juyo wajena, muryarta ko rawa ba ta yi.

"Auta, me ka yi?"

Na faɗa mata.

Ba ta zage ni ba, ba ta taɓa kunnena ba. Da ma ta yi, da na fi samun sauƙi. Ta lalubo makullinta a jaka ta sa mini a tafin hannu. "Ka kai wa Manaja." Ta ɗauki jakarta ta fita. Mai Hoto ya bar wani mutum zaune a gaban farin ƙyalle, ya riƙe mata jaka ya tsallakar da ita titi, ya dawo ya same ni zaune a benci.

"Shekara uku," in ji shi. "Haske take gani, da inuwar mutum. Rubutu kuwa sai in ya kai girman yatsa."

"Ka sani?"

"Duk layin nan an sani."

"Ban da ni?"

"Kai kwamfutar kake kallo in ka zo."

Ranar Mai Hoto ya ƙarar da maganarsa ta wata guda a kaina. Ashe dokar hana rubutun hannu daga nan ta samo asali. Ashe hanyar kowane abu a cikin kwamfutar nan ƙidaya ce a kanta: wannan madanni, ƙasa sau huɗu, takardar wasiƙa, ƙasa sau shida, ta ƙorafi. Ashe duk takardar da ta fito, shi yake leƙowa ya ce, "Kawo in ga ko tawada ta kama." In ya hango harafi ya kauce, sai ya ce tawada ba ta fita sosai ba a layi na uku, ita kuma ta gane, ta koma layi na uku ta gyara. Ba su taɓa yin maganar a fili ba. Ranar ce kawai abin ya zo yana da wanda ya zo a ɗauke shi hoto a zaune.

Garin neman gira na rasa ido, kuma ba ma nawa ba. Na shiga gidan mutum na sauya wa kowane kaya wuri, na bar ta tana lalube a gaban baƙo.

Ban kai makullin ba. Da la'asar na je gidanta, na same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa da yatsu. Na tsuguna.

"Yaya, na yi laifi."

"Ka yi."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"In faɗa maka, kafin rana ta faɗi duniya ta ji? Bakinka ai ba ya da ƙofa." Ta ture tiren gefe. Ta ce ta je asibiti ita kaɗai tun farkon abin. Likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, amma in ta riƙe magani za a iya tsare sauran. Kwalbar maganin ɗigawar tana cikin durowar shago, bayan linzamin da ta jefar. "Ba makanta nake tsoro ba, Auta. Ɗakin nan mai labule nake tsoro. A zaunar da ni, a riƙa kawo mini abinci, a riƙa cewa sannu."

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na ce ina da kwafin tsohon tsarin, gobe-goben nan zan mayar mata da komai inda yake.

"Sannan fom ɗin mutane su buɗe?"

"A'a."

"Sannan idona ya tsaya inda yake?"

Na girgiza kai.

"Ƙidayar ma ta fara yi mini nauyi," ta ce a hankali. "Rannan sai da na yi ta sau uku."

A nan ne wani abu ya faɗo mini. A cikin tsarin akwai wani ɓangare da aka yi domin masu raunin gani: murya mai karanta duk abin da ke kan allo, da hanyar ƙara girman haruffa, da juya allo ya zama baƙi rubutu fari. Tsohon ma yana da ɗan irinsa, mai rauni. Ni da nake tinƙaho da shekara ashirin a sana'a ban taɓa buɗe wurin ba, don ban taɓa buƙatarsa ba. Na yi mata bayani ina in'ina.

"Kwana goma," ta ce. "Ƙofa a rufe. In ban iya ba ka kai makulli. In na iya ma sai na kira Manaja na faɗa masa, don alkawari kaya ne."

Kwanakin nan goma ban ga sauƙinsu ba, kada wani ya ce maka sauya tsari shan ruwa ne. Wata 'yar manhaja da take yin kan wasiƙa da ita ta ƙi aiki sam, sai da na sake gina mata kawunan wasiƙun ɗaya bayan ɗaya. Abin da yake ƙasa sau huɗu ya koma wani lungu. Muryar kuma da ta fara karanta Hausa, sai ka ce baƙon da ya kwana biyu a gari yana son burge mutane. Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki, karo na farko tun ranar. Ta raɗa mata suna Sakatariya. Ta ce, "Shekara arba'in ina yi wa mutane, yau ni ma na samu tawa. Sai dai ba ta da tarbiyya, tana katse manya." Na rage mata sauri, na ƙara, har muka sami daidai.

A kwana na uku ta buga tebur ta ce in mayar mata da tsohon abinta, ta gaji. Na ɗauko kayan aiki ba musu, don na koyi darasi. Ina cikin kwance waya ta ce, "Tsaya. Sa ta karanta mini layin nan tukuna." Ta buga jimla ɗaya, da gangan ta kauce a harafi. Sakatariya ta karanto kalmar a karkace. Yaya ta gyara, aka sake karantowa daidai. Ta jingina da kujera.

"Wato yanzu ni zan ji kuskurena da kunnena, kafin takarda ta fita?"

"Ke za ki ji."

"Ba sai Mai Hoto ya yi ƙaryar tawada ba?"

Ta bayan bango muka ji dattijon ya yi gyaran murya.

"Mayar da wayarka," in ji ta.

Daga ranar ba ta sake waiwaye ba. Na manna mata 'yan ƙananan robobi a kan madannai uku don yatsa ya gane su. Ta haddace sababbin hanyoyi, amma yanzu in ta ɓata, muryar na gaya mata inda take. A kwana na takwas ta cika fom ta intanet ita kaɗai, ta tura, na tsaya da hannuwana a aljihu don kada su yi mini kutse. A na tara ta sa aka nemo malamin makarantar nan. Ashe takardar da aka yi masa a ƙarshen layi ba ta kwanta masa ba, bai miƙa ba. Ta sake yi masa, ta tura, ya fita yana sa mata albarka.

A na goma ta kira Manaja.

Ya zo da hantsi, ya ajiye mota a ƙofar shago. Ba ta yi kwana-kwana ba, ta faɗa masa komai: idon, shekara ukun, takardar da ta miƙa wa malamin. Na ga yaron nan ya dafa bango. Ya juyo kaina ido jawur.

"Kawu, ka sani?"

"Ni ne na ƙarshen sani a duk layin nan."

"Umma, ɗauko jakarki. Yau ɗin nan za mu tafi."

"Za mu tafi," ta ce. "Na yi alkawari, ga makulli can a hannun kawunka. Amma ban taɓa rufe shago kafin azahar ba. Zauna a benci, kai ne mai buƙatata na ƙarshe."

"Umma, wannan ba lokacin wasa ba ne."

"Ka ga ina dariya? Zauna. Faɗa mini da bakinka, me kake so?"

Ya zauna, babban mutum da shi, gwiwoyinsa na taɓa teburin. "Ina so ki huta."

"Wannan ado ne. Buƙatar nake tambaya."

"Kin yi mana wahala, lokaci ya yi da za mu rama miki."

"Ado."

"Mutane za su ce na bar uwata tana aiki da..."

"Wannan na mutane ne. Naka nake so."

Ya sunkuyar da kai. Da ya sake magana, muryar ba ta manaja ba ce, ta yaron nan ce da na sani yana bin ta da kwano. "Titin nan ne, Umma. Aikina ke nan, na san yadda direbobi suke gudu a nan. Tun kafin in san maganar idon, duk safiyar da wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Ina tsoron a kira ni a ce mota ta buge ki kina tsallakawa. Ban san yadda zan yi ba in babu ke."

Yatsunta sun riga sun fara. Fararen haruffa manya-manya suna jeruwa a kan baƙin allo. Ta gama, ta danna, Sakatariya ta karanto maganarsa tiryan-tiryan da muryar nan tata da ba ta san tausayi ba. Sai ga shi abin ya fi shiga jiki. Manaja ya rufe fuska da hannu. Ni ma na juya ina duba fanka, kamar ita na zo gyarawa.

"An bar wani abu?" in ji Yaya.

"A'a."

"Akwai kuskure?"

"Babu."

"To ina maganar shago a ciki?"

Ya ɗago. Ya nemi a sake karantawa, aka sake. Babu shago, babu hutu, babu ɗaki mai labule. Titi ne kawai.

"Amma alkawari na nan," ta ce. "Na miƙa wa mutum takarda da kuskure. Kai ke da hukunci."

Manaja ya share ido, ya ɗauki shafin gwajin nan da har ranar yake kan kabad, ya juya shi gaba da baya. Sannan ya kalle ni, wani ɗan murmushin mugunta ya fito masa. "Wa ya tura wannan takarda firinta?"

"Ni ne," na ce.

"To ai ba takardar Umma ba ce. Ta Kawu ce. Shi ya kamata ya rufe shagonsa."

Mai Hoto ya yi dariya ta bayan bango. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar.

Hukuncin da aka yanke mini shi ne, kullum safe ni zan ɗauko ta a babur in sauke ta a bakin ƙofa, ba tsallaka titi. Yamma kuma Manaja ko direbansa. Asibiti duk wata, shi zai kai ta da kansa. Yau shekara ɗaya da rabi ke nan ban fasa ba. Idon bai dawo ba, amma likita ya ce bai ƙara ja baya ba. Benci ya koma cika, don yanzu a wuri ɗaya ake bugawa a tura. Har wasu tsofaffi biyu masu irin lalurarta suna zuwa ranar da ba cunkoso tana koya musu, tana yi musu faɗa kamar 'ya'yanta.

Saboda haka in ka tambaye ni ko sauya tsari ya cancanci wahalarsa, zan ce ga Yaya ya cancanta, har ya wuce. Amma ba ta hanyar da na bi ba. Yanzu kafin in taɓa kwamfutar kowa sai na zauna kusa da shi na kalli hannunsa yana aiki, ko da zai ce na cika sa ido.

Ranar dai, kafin Manaja ya tafi, ya ce in ba shi makulli. Na zaro daga aljihu na ba shi, ya kama hannun uwarsa ya sa mata a tafi, ya naɗe yatsunta a kai. Ta shafa haƙoran makullin da babban yatsa.

"Wannan ba nawa ba ne," ta ce. "Na Auta ne. Nawa yana da tsaga a gindi."

Na lalubo ɗayan na miƙa. Ta karɓa ta jefa a jaka. Na tsaya da hannu a buɗe ina jiran nawa, sai na ji ƙarar zif.

"Matsa daga ƙofa, Auta, kana tare wa mutane hanya."

Har yau ba ta mayar mini da shi ba.